Cediyar da Ta Fito a Bangon Soro

Dugabau, 8 ga Yuni

Zuwa ga Sagiru ɗan Muhammad Nur, a Gwarzo.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa, ina fata kana lafiya, kai da iyalinka da mahaifiyarka Asta. Yaya ciwon bayan nata? Mu nan lafiya lau. Ruwa ya sauka sau uku, an yi shuka, gero ya tsiro. Bappanka Baƙo yana nan yadda ka san shi, idon ne dai ya ƙara dushewa, kullum yana soro da rediyonsa.

Gaisuwa ta ƙare. Ni ce Marka, goggonka, wadda ubanta da kakanka ciki ɗaya suka fito. Na tuna maka ne don na ga alamar ka manta. Da hannuna nake wannan rubutu. Ka san kunnena ba ya ɗaukar maganar waya, kuma ina so abin da zan faɗa ya zauna a takarda, kada gobe ka ce ba ka ji ba.

Jiya na je suna gidan Malam Datti. Muna cikin cin tuwo sai Murja surukarsa ta miƙo mini waya, ta ce, "Goggo, wannan ba soronku ba ne?" Na duba. Soronmu ne. Ga bangon da tsagarsa, ga cediyar nan da ta fito daga gindin indararo ta zubo saiwoyi har ƙasa. A ƙarƙashi an rubuta, "Dubi yadda 'yan boko suke barin gidajen iyayensu." Murja ta dinga karanto abin da mutane suka ce. Wani ya ce gidan aljanu ne. Wani ya ce a haɗa wa masu gidan taimako. Sabuwa maƙwabciyarmu ta leƙo ta ce, "Ai har zanenki ya fito, mai facin nan, ga shi a kan igiya." Mata suka kwashe da dariya. Ni na bar tuwon na taso.

An ce kai ka ɗauka, da sunanka a jiki. Na san ranar. Ranar bikin 'yata Badi'a ce, da muka kira ka don kai ne mai hoto a dangi. Ashe muna can muna fama da baƙi, kai kana bayan gida kana neman inda muka gaza.

Shekara goma sha ɗaya ke nan nake riƙe da gidan nan tun da mijina ya rasu na dawo. Ni ce noma, ni ce dabbobi, ni ce jinyar yayana. A cikinku ba wanda ya taɓa kawo ko kwando ɗaya na ƙasa. Yanzu ka ɗauki tsiraicinmu ka kai kasuwa.

Ka ba Tasi'u direba amsa ranar da zai dawo. Ina jira.

Goggonka, Marka


Gwarzo, 12 ga Yuni

Zuwa ga Goggo Marka.

Wa'alaikumus salam. Goggo, ina gaishe ki da girmamawa, ina gaida Bappa. Inna tana samun sauƙi, ta ce a gaishe ku. Yara lafiya.

Takardarki ta same ni, kuma raina ya ɓaci ƙwarai, amma ba a inda kike zato ba. Ni na ɗauki hoton, ban musa ba. Amma wannan rubutun ba nawa ba ne. An yi wani taron nuna hotuna a Kano, na kai guda shida, aka rataye su a bango. Abin da na rubuta a ƙasan wannan shi ne "Cediya da soro", ba ƙari. Wani mara tarbiyya ya ɗauke shi da wayarsa, ya ƙara nasa, ya watsa. Na yi ta neman sa ban same shi ba.

Goggo, aikin da nake ci da shi hoton fasfo ne da na biki. Amma shekara uku ke nan ina da wani aikin na kaina. Ina bin wuraren da halittar Allah ta haɗu da ginin mutum, waɗanda kowa yake wucewa ba ya kallo. Ina da hoton gidan zanzaro a jikin mitar wuta a kasuwar Gwarzo. Ina da kabewa da ta hau kan kwanon ɗaki ta naɗe eriya har ta yi 'ya'ya biyu a sama. A Kabo na ga tsuntsuwa ta yi sheƙa a cikin tsohuwar lasifikar da aka jefar a bayan masallaci, na yi kwana uku ina komawa kafin ta yarda na ɗauke ta. Ba wanda na yi wa haka don cin mutunci. Wallahi a ranar nan, da rana ta faɗo a kan saiwoyin, a duk gidan ba abin da ya kai bangon nan kyau a idona.

Abin da ya yi mini zafi shi ne ki ce ina neman inda kuka gaza. Ni da na yi yaye a gidan nan? Sai maganar Murja ta fi tawa a wurinki?

Abu ɗaya nake roƙo. Kada a taɓa bangon nan sai na zo, ina da magana a kansa. Yanzu ina fama da hotunan 'yan makaranta masu jarrabawa, da na gama zan shigo.

Ɗanki, Sagiru


Dugabau, 17 ga Yuni

Sagiru,

Assalamu alaikum. Muna lafiya. Ka gaida Asta, ita ba ruwanta.

Na karanta takardarka sau biyu, na biyun a tsaye. Wato ranar da 'yata ta fito cikin lalle da sabon leshi, dangi sun zo daga gari bakwai, duk gidan ba abin da ya kai tsagaggen bango kyau. Madalla. Na gode da ka rubuta da hannunka.

Shafi guda ka cika da zanzaro da kabewa da tsuntsuwa. Ban ga inda ka ce "Goggo, ki yi haƙuri" ba. Na juya bayan takardar ko yana can. Zanena da duniya ta gani kuwa ko ambatonsa ba ka yi ba. Tsuntsuwa ka jira kwana uku ta yarda. Ni da Bappanka wa ya tambaye mu?

Sai maganarka ta ƙarshe, wadda ita ce ta fito da abin da ke ranka. Kada a taɓa bango sai ka zo, kana da magana a kansa. To na gane. Maganar gado ce. Ubanka ma ya taɓa tayar da ita kafin ya rasu, dattawa suka zaunar da shi, suka nuna masa kakanka ya karɓi rabonsa a shanu tun kafin a haife shi. Yanzu kai ka ɗauko ta da na'ura. Ka fara nuna wa duniya cewa mun kasa riƙe gida, sannan ka zo ka ce a ba ka.

Ka saurara. Ba ka da ko taki ɗaya a gidan nan. Cediyar kuma zan sa a sare ta, a tumɓuke saiwoyin, a yaɓe bangon, in ga abin da za ka sake ɗauka. Kada ka zo. In ka tako ƙofar gidan nan, ni da kai sai a gaban mai gari.

Marka


Gwarzo, 21 ga Yuni

Goggo Marka,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki, ina gaida Bappa, Allah ya ƙara masa lafiya. Mu nan kalau.

Gado? Goggo, ni? Na zauna da takardarki a shago har mai fasfo ya gaji da jira ya tafi. Ban taɓa sanin Baba ya yi wata maganar gado ba sai a bakinki. Ba na son gidanku, ba na son gonarku. Allah ya isa tsakanina da duk wanda ya sa miki wannan a rai.

Amma ki ajiye fushi ki karanta wannan da kyau, don ita ce maganar da na ce ina da ita. Ban faɗa a wancan karon ba saboda ina so in tabbatar tukuna.

Sau uku na ɗauki bangon nan: da Babbar Sallar bara waccan, da bara, da ranar bikin Badi'a. Na jera su a kwamfuta na ƙara musu girma. A na farko, tsagar ko tsinken tsintsiya ba zai shiga ba. A na ƙarshe hannun mutum zai shige. Kan azara biyu ya fito fili, kuma gara ta cinye su. Bangon ya karkato ciki, daidai inda Bappa yake shimfiɗa buzunsa.

Na kai wa wani tsohon magini a nan ya gani. Ya daɗe yana kallo, sannan ya ce, "Yaro, itacen nan shi ya fasa bangon, amma yanzu shi yake riƙe da shi. In aka cire saiwoyin da damina, ruwa zai bi ramukan, ba zai kai kaka ba."

Don Allah, don Annabi, kada a sare ta yanzu. A tokare bangon da itace daga ciki. A mayar da Bappa ɗakin tsakar gida. In rani ya yi sai a rushe a sake gini, ni zan zo in yi aikin da hannuna in kin yarda. In ba ki yarda ba, ki sa wani, amma ki fitar da Bappa daga soron.

Sagiru


Gwarzo, 6 ga Yuli

Goggo,

Assalamu alaikum, ina fata kuna lafiya.

Mako biyu ke nan shiru. Tasi'u ya rantse mini a hannunki ya sa takardar. Na kira Badi'a, ta ce kin hana a ambaci sunana a gabanki, ita kuma ba za ta shiga tsakani ba. Na ce mata ba sulhu nake nema ba, maganar bango ce, ta ce, "Yaya Sagiru, kai da bangon nan dai," ta kashe waya.

Ki zage ni in kina so, amma ki ba ni amsa. An fitar da Bappa daga soron ko ba a fitar ba? Kalma ɗaya ta isa. Jiya an yi ruwa a nan kamar da bakin ƙwarya, ban iya cin abinci ba. Wannan wace irin gaba ce da za a yi ta da ran tsoho?

Sagiru


Dugabau, 22 ga Yuli

Sagiru,

Assalamu alaikum. Ba zan ce muna lafiya ba, ka riga ka sani. An ce kai ka tare su a ƙofar asibiti, kai ka ɗauki Bappanka daga mota. Ni ban iya biyo su ba. Gida ya zama fili, ba soro ba ƙofa, ga dabbobi.

Zan faɗa maka yadda aka yi, don kada ka ji a bakin Murja.

Ranar uku ga wata na kira mutum biyu suka sare cediyar. Saiwoyin suka ƙi fita, sai aka ɗaura musu igiya aka sa bijimin noma ya ja. Da suka fito, bangon ya zama duk ramuka. Na ce a bari a gama maimai sannan a yaɓe. Na tsaya ina kallon wurin, na ji daɗi a raina, ba zan ɓoye maka ba.

Ranar Alhamis da ta wuce bayan azahar hadari ya taso daga gabas. Ina madafa ina kwashe gero daga shanya. Ruwa bai fi rabin sa'a ba na ji wani ƙara kamar an kayar da rumbu. Na fito, ban ga soro ba. Rediyon yana ta magana a ƙarƙashin ƙasa. Da hannu na fara tono, ina ihu, har maƙwabta suka zo da fartanya. Azara ce ta danne masa cinya. Da aka jawo shi, bakinsa cike da ƙasa, abin da ya fara cewa shi ne, "Marka, ke lafiya?"

Takardunka biyu suna cikin kwalla a ƙarƙashin gado. Ban buɗe su ba. Na ɗauka maganar gado ce ka ci gaba da ita. Sai ranar Juma'a, bayan an tafi da shi, na buɗe. Na karanta. Na san abin da na yi, ba sai ka faɗa mini ba, kuma tsakanina da Allah ne.

Amma kai ma ka tsaya. Ka san bango zai faɗa wa mutum, ka ɗauki wannan magana ka naɗe a takarda ka ba direba? Daga Gwarzo zuwa Dugabau tafiyar kwana nawa ce? Kana da babur. Da ka zo ka tsaya a ƙofar gida ka ɗaga murya, ko da na jefe ka da muciya, ai da maƙwabta sun ji, da wani ya ɗauke shi. Na ce kada ka zo, sai ka zauna? Tun yaushe ka fara jin maganata haka? Lokacin da za ka kai mu Kano ka rataye a bango, izinin wa ka jira?

Ka rubuto mini abin da likita ya ce. Gaskiya nake so, kada ka sassauta.

Marka


Gwarzo, 25 ga Yuli

Goggo Marka,

Wa'alaikumus salam. Ina gaishe ki, ya jajen abin da ya faru. Allah ya kiyaye gaba.

Ga gaskiyar. Ƙashin cinya ya karye a wuri biyu. An yi aiki ranar Litinin, an sa ƙarfe. Likita ya ce a shekarunsa ƙashin zai daɗe bai haɗe ba. In Allah ya yarda zai taka da sanda, amma zuwa masallaci da ƙafarsa kamar da, kada mu sa rai. Yana cin abinci. Ni da Inna muke kwana da yini a wurinsa, na rufe shago.

A cikin kwalla, Goggo! Kwana ashirin da wani abu takardar tana ƙarƙashin gadonki, shi kuma yana zaune a ƙarƙashin bangon. Da na karanta wannan sai da na fita waje na zagaya asibitin sau biyu. Na rubuta miki wata takarda a ranar, na yage ta, don ba irin wadda ɗa yake aika wa uwa ba ce.

Amma tambayarki ta kama ni. Sau biyu na hau babur. Na farko na kai har Kabo, na tsaya a bakin tasha, na tuna kin ce ni da ke sai gaban mai gari, na ce ba za a tara mini jama'a a kira ni mai cin gado ba. Na juyo. Na biyu ko gari ban fita ba. Na ce ai na rubuta, na fita haƙƙi. Girman kai ne, ba biyayya ba. Wannan nawa ne, na ɗauka.

Jiya na karanta wa Bappa takardunki duka, shi ya ce in karanta. Da na gama ya ce, "Ku biyun nan kanku ɗaya. Ni tun bara nake jin ƙasa tana zubo mini a kan buzu. Na san bangon ya gaji." Na ce, "Bappa, me ya hana ka faɗa?" Ya ce, "Wa ya tambaye ni? Kai ka zo ka ɗauki bango ka wuce ni a zaune. Ita kuma in na yi magana sai ta ce ba na gani."

Maganar zanenki. Na gan shi a hoton tun ranar farko. Na bar shi ne saboda launinsa ya dace da jar ƙasar. Ko sau ɗaya ban yi tunanin na mutum ne ba, kuma mai shi za ta shiga taro. Ki yi haƙuri, Goggo. Da wannan ya kamata in fara tun watan jiya. Na sa an sauke hoton a Kano. Wanda ke yawo a wayoyi kuwa ba ni da ikon dawo da shi.

Har yanzu ina jin haushinki. Na ga gara in faɗa.

Ɗanki, Sagiru


Dugabau, 2 ga Agusta

Sagiru,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka da jinya, kai da Asta, Allah ya ba da lada. Na ba Tasi'u fura da man shanu da ƙwai goma sha biyu, na Bappanka ne, kada yaranka su taɓa. Gero ya fara fitar da kai. Akuya ta haifi biyu.

Haushin da kake ji ka riƙe abinka, nawa ma yana nan. Ban ce na yafe ba tukuna, kuma ban roƙe ka ka yafe ba. Wanda zan roƙa yana kwance a wurinka. Ranar Laraba Badi'a za ta zo ta tsare gida, ni zan shigo Gwarzo. Ka faɗa masa tun yanzu. In na shiga ɗakin, kai da Asta ku ba mu wuri.

Murja ta zo jaje da wayarta a hannu, tana so ta ɗauki inda soron ya faɗi. Na ce mata in ta ɗaga wayar nan sai ta tsince ta a rijiya. Ta mayar da ita jaka.

Wani abu kuma, kai ka jawo mini shi. Tun da abin ya faru ba ni da sukuni a gidan nan. Ko'ina na juya sai na ga abu. Gara ta yi hanya a bayan ƙyauren ɗakina. Bakin rijiya ya tsage ta yamma, wata ciyawa ta fito a ciki har da fure. Shekara goma sha ɗaya ina ɗiban ruwa a wurin ban taɓa gani ba. Jiya na tsaya kallonta har guga ya suɓuce mini. Ban san wanne ne zai kashe mutum ba, wanne ne ba komai, kuma ba zan sake yanke hukunci ni kaɗai ba.

Saboda haka in an sallami Bappanka, kai za ka kawo shi. Ka zo da tsohon maginin nan naka ya zagaya gidan duka. Ba za a jira rani ba, za a ja katanga ko ta zana ce, a gyara masa ɗakin tsakar gida. Na sa an fara tara ƙasa a bayan gida.

Ka ce za ka yi aikin da hannunka. Yana nan a takarda, na adana. Ka taho da tsofaffin kaya, kwaɓin ƙasa za ka yi.

Goggonka, Marka